Ratse Daga Santambul: Yadda Ake Zaɓen Garin da Za a Leƙa Cikin Hutun Mako Guda

Zuwana Santambul na farko, a rana ta biyu wani saurayi mai fara'a ya tare ni kusa da masaukina, ya buɗe mini wata takarda mai sheƙi cike da hotuna. Ga dutse lulluɓe da dusar ƙanƙara, ga tafki, ga masallaci mai ƙubbobi, ga balan-balan birjik a sararin sama. Kowane hoto da farashinsa a ƙasa, kuma kowanne, in ji shi, tafiyar yini ɗaya ce tak. Ban yi wata-wata ba na biya kuɗin guda uku. Abin da na fi gani a makon nan shi ne ƙeyar direba, sai shagunan alewa da na zuma inda ake ta tsayar da mu don masu mota su karɓi kamasho. Ranar da aka kai mu Bursa, ana kiran magariba muka isa babban masallacin garin, aka ce an ba mu minti ashirin. Haka na koma gida ban taka fadar Topkapi ba, alhali daga inda nake kwana zuwa ƙofarta tafiyar ƙafa ce ta minti goma.

Daga nan na gane cewa da kwanaki ake biyan ratse kafin a biya shi da kuɗi, kuma kwanakin nan daga rabon birnin da ka zo dominsa ake yankar su. A kan wannan na gina jagorar nan. Na ɗauki Santambul misali saboda mutanenmu sun saba da ita, daga masu zuwa sari har masu kai yara makaranta da masu rakiyar marar lafiya, amma ma'aunin da zan kawo zai yi maka aiki a Alƙahira ko Landan ko Kuwala Lamfur.

Fara ƙirga kwanakin da ke hannunka

Mako kwana bakwai ne a kalanda, a hutu kuwa bai kai ba. Jirgi daga Abuja zuwa Santambul yana cin fiye da awa 6, agogon Turkiyya kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2. Babban filin jirgin birnin, wanda aka kammala ƙaura zuwa cikinsa a 2019, ya haura kilomita 40 daga tsohon gari, ga cunkoson motoci. Don haka ranar sauka ta tafi a layin duba fasfo da jiran kaya da ramuwar barci. Ranar tashi ma ta tafi a ɗaure akwatuna da sammakon zuwa filin jirgi. Saura kwana biyar.

A cikin biyar ɗin, birnin da kansa yana neman uku, kuma ko su ba za su ƙosar da kai ba. Yini ɗaya na unguwar Sultanahmet ne, inda Aya Sofiya take tun shekarar 537, tana kallon masallacin Sultan Ahmad, ga fadar Topkapi wadda ita kaɗai kan cinye rabin yini. Yini na biyu na masallacin Sulaimaniyya ne, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, da babbar kasuwa mai rufi da kasuwar kayan ƙamshi. Na uku ka ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari a unguwar Eyub, ka haye ɓangaren Asiya ka ci abincin dare a Uskudar ko Kadikoy. Saura biyu. Idan kana da niyyar shiga Laleli ko Merter sarin tufafi, ware yini guda na ciniki da kai kaya wurin masu kago. Saura ɗaya.

To, wannan ɗaya ko biyun su ne jarinka. Da su za ka sayi ƙananan ratse biyu na je-ka-ka-dawo, ko babba guda ɗaya mai kwana. Wanda ya ce sai ya yi uku ko huɗu, ya tuna taura biyu ma ba ta taunuwa.

Ma'auni huɗu kafin ka biya ko sisi

Na farko: me wurin zai ba ka wanda birnin ba shi da shi? Santambul cike take da masallatai da fadoji da kasuwanni da hayaniyar mutane fiye da miliyan 15. Bayan kwana uku a cikinta ido kan gaji da ƙubba da hasumiya. Ratsen da ya fi amfani shi ne wanda ya sauya maka iska, kamar tsibiri marar motoci, ko dutse mai sanyi, ko ƙasa mai siffar da ba ka taɓa gani ba. Sai fa idan tarihi ne ya kawo ka. Mai son ya bi sawun Daular Usmaniyya daga tushe, shi garuruwan da daular ta zauna kafin 1453 za su cika masa labarin da Santambul ta fara ba shi daga tsakiya.

Na biyu: awa nawa a hanya, awa nawa a ƙasa? Nan ne aka fi cin baƙo. Za a ce maka jirgin ruwa awa biyu ne, kuma gaskiya ne, amma ba a saka maka tafiya daga otal zuwa tasha ba, da jiran shiga, da motar da za ta kai ka tsakiyar gari bayan an sauka. Ka yi lissafi daga ƙofar otal zuwa ƙofar abin da za ka gani, ka ninka biyu. Ƙa'idata ita ce, idan awannin hanya sun fi awannin da zan yi ina tafe da ƙafata a garin, to tafiyar ta kwana ce, ko kuma ta wani zuwan.

Na uku: wane wata ne? A watan Yuni rana kan faɗi a Santambul wajen ƙarfe 8:40 na dare, a Disamba kuwa tun wajen 5:40 na yamma, kuma ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe. Yinin hunturu ya gaza na bazara da kusan awa 6, don haka tafiyar da ke da daɗi a Yuni tana iya zama tsere da duhu a Disamba. Akwai kuma wata iska da ke kaɗawa daga kudu maso yamma, mutanen gari na kiranta lodos. Idan ta taso, ko hazo ya rufe teku, sai a soke jiragen ruwa. Duk ratsen da ya dogara da ruwa ko da iska, kada ka ajiye shi a ƙarshen mako, don a samu ranar da za a sake gwadawa.

Na huɗu: da wa kake tafe? Abin da matasa biyu za su yi da dariya, zai iya kwantar da Hajiya mai ciwon gwiwa kwana biyu. Tsofaffin unguwannin Turkiyya hawa da gangara ne a kan daɓen duwatsu. Idan da dattijo ko mai juna biyu ko ƙananan yara, a auna tafiyar da ƙarfin mafi rauni a cikinku.

Na kusa: tsibirai da mashigin ruwa

Ratse mafi sauƙi shi ne tsibiran da ke tekun Marmara, waɗanda mutanen gari ke kira Adalar. Guda tara ne, amma huɗu jirgin fito ya fi tsayawa: Kinaliada, Burgazada, Heybeliada da Buyukada, wadda ita ce babba. Daga tashar Kabatash zuwa Buyukada kusan awa ɗaya da rabi ne, kuma da katin Istanbulkart da kake shiga bas da jirgin ƙasa za ka biya. Ba a barin motocin gida su yi yawo a can. Da karusar doki ake zagayawa a da, har aka hana a 2020 aka kawo ƙananan motoci masu aiki da lantarki. Kana iya hayar keke, ka ratsa tsakanin tsofaffin gidajen katako da itatuwa masu inuwa. A nan Leon Trotsky ya yi zaman gudun hijira daga 1929 zuwa 1933 bayan an kore shi daga Tarayyar Sobiyat. Mai ƙarfin ƙafa ya hau tudun Aya Yorgi ya hango birnin kwance a bakin ruwa.

Sharaɗin tsibiran ɗaya ne: guji Asabar da Lahadi, musamman da bazara, domin ranar ce mutanen Santambul kansu ke kwarara can, har wurin zama a jirgi ya gagara. Wanda ba ya son cunkoso ko a ranar aiki, ya sauka a Heybeliada.

Na biyunsa shi ne dogon zagayen mashigin Bosforus a jirgin hukumar birni, daga Eminonu zuwa ƙauyen Anadolu Kavagi kusa da bakin Baƙin Teku. Yakan tashi da hantsi, a tsaya a ƙauyen a ci kifi a hau tsohuwar ganuwa, a dawo da la'asar. Kusan awa 6 ke nan, mafi yawansu a zaune. Ga iyali mai tsofaffi ban san wanda ya fi shi ba.

Bursa: dutse da tushen daula

Idan yini ɗaya ke gare ni kuma ba a zaɓa mini ba, Bursa zan je. Orhan Gazi ya ci garin a 1326 ya mai da shi babban birnin daular, kuma kabarinsa da na mahaifinsa Usman, wanda daular ta ci sunansa, suna nan a tudun Tophane. Ana zuwa ta ruwa, a sauka a Mudanya ko Guzelyali bayan kusan awa 2, sannan a shiga bas da jirgin ƙasan cikin gari, kusan awa guda. Ana kuma zuwa ta mota a kan gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016. Ko ta ina ka bi, saka awa uku da rabi zuwa huɗu daga ƙofa zuwa ƙofa. Ma'ana, sai ka kama jirgin farko na safe kafin lissafin ya yi daidai. Da sanyin safiya ake kama fara.

Fara da Ulu Jami, babban masallacin da Sarki Bayazid na Ɗaya ya gina tsakanin 1396 da 1399. Ƙubbobinsa 20 ne a kan ginshiƙai 12, wurin alwala yana tsakiyar masallacin ruwa na zuba, bangon kuma cike da manyan rubuce-rubucen Larabci na gwanaye. Mutanen gari na ba da labari cewa sarkin ya yi alwashin gina masallatai ashirin idan ya ci yaƙin Nikopolis, da ya ci sai aka ba shi shawara ya gina guda ɗaya mai ƙubba ashirin. Gefensa akwai Koza Han, kasuwar siliki tun 1491, mai tsakar gida inda ake zama a sha shayi a ƙarƙashin itatuwa. In za a sayi gyale na tsaraba, nan ne wurinsa. Da rana a ci iskandar kebab, wanda a garin nan aka ƙirƙiro shi: yankakken nama a kan gurasa, da miyar tumatir da kindirmo, a kwarara narkakken man shanu a kai. Da yamma a ƙarasa Koren Masallaci, wanda aka yi wa ado da tayil kore da shuɗi a zamanin Sarki Muhammad na Ɗaya.

Sai maganar dutsen Uludag, mai tsayin mita 2,543, wanda ake hawa a cikin wasu akwatunan gilashi masu tafiya a kan waya, ana ce musu teleferik. Ga wanda ya tashi a Sakkwato ko Damagaram bai taɓa damƙar dusar ƙanƙara da hannunsa ba, wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya a watan Janairu ko Fabrairu. Amma hawa da wasa da saukowa za su ci maka awa uku ko fiye. A gajeren yinin hunturu sai dai ka zaɓa tun daga otal, ko gari ko dutse. Ni da na haɗa su, ka ji yadda muka ƙare.

Edirne: ga mai son gini da tarihi

Edirne tana yamma, kusan kilomita 240, dab da iyakar Girka da Bulgeriya. Ita ce babban birnin daular bayan Bursa. A nan aka haifi Muhammad Alfatih a 1432, kuma daga nan ya ɗaura ɗamarar cin Santambul. Ana shiga bas a babbar tashar Esenler, tafiyar kusan awa 3 a shimfiɗaɗɗen titi, kuma lodos ba ta da iko da ita.

Abin da ke kai mutane shi ne masallacin Selimiye, wanda Sinan ya gina wa Sarki Salim na Biyu yana dattijo mai kusan shekara 80 ko fiye, aka gama a tsakiyar shekarun 1570. Shi ake ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsa. Ƙubba ɗaya ce mai faɗin kusan mita 31 ta rufe zauren salla, da hasumiyoyi huɗu siri-siri kowace da baranda uku. Wanda ya riga ya tsaya a cikin Sulaimaniyya zai ga yadda hannun mutum ɗaya ya ƙara nuna cikin shekara kusan ashirin. Ana yawan yi wa irin waɗannan gine-gine gyara na shekaru, don haka ka tambaya ko a buɗe yake gaba ɗaya kafin ka sayi tikiti. Kusa da shi akwai Tsohon Masallaci da masallacin Uch Sherefeli, duk a tafiyar ƙafa. A bakin kogi kuma akwai asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a 1488, inda aka riƙa yi wa masu taɓin hankali magani da kiɗa da sautin ruwa, yanzu gidan tarihin likitanci ne. Abincin garin soyayyar hanta ce, yankan siri, da busasshen barkono.

Idan zuwanka ya faɗo ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, nemi ranar kokawar Kirkpinar. 'Yan kokawa kan shafe jiki da man zaitun, su sa wandon fata, su kama juna a fili mai ciyawa ana buga ganga. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa a Nijar zai ji kamar gida. A kwanakin nan gari kan cika, sai a nemi mota da wuri.

Tsakanin garuruwan biyu, mai iyali da mai son sauyin iska ya nufi Bursa, ɗalibin tarihi da mai gudun teku ya nufi Edirne.

Masu neman kwana: Kapadokiya da Konya

Hoton balan-balan ɗin nan da ke yawo a wayoyi daga Kapadokiya yake, a tsakiyar ƙasar, fiye da kilomita 700 daga Santambul. Tokar aman wuta ce ta daskare ta zama dutse mai laushi, ruwa da iska suka sassaƙa shi ya zama kamar jerin rumbuna masu hula. Mutanen zamanin da ne suka fafe duwatsun suka yi gidaje da majami'u, suka kuma haƙa garuruwa a ƙarƙashin ƙasa irin su Derinkuyu da Kaymakli, inda suke ɓuya in an kawo hari. Hukumar UNESCO ta sa yankin Goreme cikin kayan tarihin duniya a 1985.

Jirgin sama zuwa Kayseri ko Nevshehir bai kai awa ɗaya da rabi ba, shi ya sa ake tallar tafiyar a matsayin ta yini ɗaya. Kada ka yarda. Balan-balan da asuba suke tashi, kuma sai hukumar sufurin sama ta duba iska ta ba da izini a kowace safiya. In an hana yau, sai gobe. Wanda ya kwana biyu yana da asuba biyu, wanda ya zo da hantsi zai koma da dare kuwa ko a sama ba zai gan su ba. Ba a ɗaukar masu juna biyu da ƙananan yara. Garuruwan ƙarƙashin ƙasa kuma lunguna ne matsattsu da ake bi a duƙe, mai asma ko ciwon baya ya tsaya a waje. Kapadokiya ta cancanci wahalarta, amma ka sani da zarar ka zaɓe ta ta cinye jarinka duka, babu sauran Bursa ko tsibiri.

Konya kuwa ta masu ziyara ce. Can ne kabarin Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a 1273, ƙarƙashin koriyar ƙubba, kuma garin ya taɓa zama fadar Saljuƙawa. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai wa cikin kusan awa 5. Kwana ɗaya ya isa. A makon da ya ƙare ranar 17 ga Disamba ake taron tunawa da rasuwarsa, lokacin masauki kan yi wuya.

Ga duk tafiyar kwana akwai abubuwan kiyayewa. Raba hayar otal ɗinka na Santambul gida biyu don kada ka biya ɗakin da ba ka ciki, ka bar manyan akwatuna a ajiyar otal, domin nauyin kayan da jiragen cikin gida ke ɗauka bai kai na jirgin da ya kawo ka ba. Duba tikitinka da kyau, filayen jirgi biyu ne a birnin, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokchen yana ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Sannan daren ƙarshe ka kwana a Santambul. Wanda ya ce zai taso daga Kayseri da safe ya kama jirgin gida da yamma, jinkiri ɗaya ya isa ya sa shi sayen sabon tikiti.

Waɗanda za a bar wa wani zuwan

Filin yaƙin Galiboli na 1915 da kangon birnin Troy suna yankin Chanakkale, kusan awa 5 a mota zuwa kawai. Masu kai mutane kan tashi da asuba su dawo tsakar dare, washegari kuma jiki ya ƙi tashi, ka ga an yi asarar yini biyu. Kangon Afisa, kusa da Izmir, wuri ne na gani da ido, amma yana neman jirgin sama da mota, ga zafin rana da bazara ba inuwa. In kana da kwana goma, saka su. A mako guda, sun faɗi a ma'auni na biyu.

Jera su a ranakun mako

Ranakun rufewa su za su tsara maka mako. Fadar Topkapi ba ta buɗewa ran Talata, fadar Dolmabahche ran Litinin, babbar kasuwa ran Lahadi. A Turkiyya Juma'a ranar aiki ce, hutu Asabar da Lahadi ne. Misali, wanda ya sauka ran Asabar zai tashi Asabar mai zuwa yana da ƙarin yini ɗaya a kan biyar ɗin nan. Lahadi da Litinin ya ba tsohon gari, ya koyi hawa jirgin ƙasa da na ruwa, ya saba da kuɗin lira. Talata, tunda Topkapi a rufe take, ya tafi Bursa. In lodos ta hana, ya mayar da ita Laraba. In ba ta hana ba, Laraba ya yi kasuwa a hankali don jiki ya huta. Alhamis tsibiri. Juma'a ya zauna a birni ya yi salla a Sulaimaniyya ko Eyub, ya ƙarasa tsaraba.

Kada ka sa ratse a rana ta farko bayan sauka, kada kuma ka jera dogaye biyu a jere. Idan tafiyarka ta zo da ƙaramar salla ko babba, ka sani dukan ƙasar ce ke kan hanya zuwa gida, tikitin bas da na jirgi kan ƙare tun da wuri, babbar kasuwa ma a rufe take.

Da kanka ko da kamfani?

Tsibirai da zagayen mashigi ba sa bukatar kowa, tasha kawai za ka je. Bursa da Edirne ma mai wayar da ke da intanet da taswira zai kai kansa, matambayi kuma ba ya ɓata. Inda kamfani ke da amfani shi ne Kapadokiya, domin wuraren a warwatse suke. In za ka biya kamfani, yi masa tambayoyi kafin ka zaro kuɗi: ƙarfe nawa za a isa babban abin da aka je gani, awa nawa za a yi a wurin, shago nawa za a tsaya, kuɗin shiga da na abinci suna ciki, kuma in an soke yaya maganar mayar da kuɗi? A rubuta maka amsar a rasit. Tafiyar da farashinta ya yi araha fiye da kima, a shagunan hanya ake fanshe ragowar, da lokacinka. Araha ba ta ado.

Biza, salla da guzuri

Daga Edirne ana iya hango hanyar Girka da Bulgeriya, kuma za ka ji ana tallar leƙawa. Ƙasashen biyu suna cikin yankin Shengen, bizar Turkiyya ba ta shigar da kai. Ko kana da ta Shengen, duba ko bizarka ta Turkiyya ta shiga sau ɗaya ce, domin in ka fita da irinta ba za ka dawo ba, kayanka kuwa suna otal. Riƙe fasfo a jikinka a duk tafiyar da ta fita daga birni, ana tambayarsa wajen sayen tikiti da karɓar ɗaki, wani lokaci har a shingen hanya.

Maganar salla da sauƙi, domin tashoshin mota da wuraren hutawa na hanya galibi suna da masallaci. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya daina ƙasaru, don haka mai mako guda a Santambul cika salla zai yi. Bursa da Edirne sun wuce nisan ƙasaru, tsibiran ba su kai ba. Hukuncin kwanakin da suka rage bayan ka dawo birni, ka tambayi malaminka tun kana gida.

A jakar hannu a sa rigar sanyi ko da bazara ce, domin iskar teku da ta dutse ba ruwansu da kalanda, da takalmi mai taushi, da na'urar cajin waya, da 'yan kuɗin lira a hannu don ƙananan motoci da bayan gida. Mai shan magani ya ɗauki na kwana biyu ko da yini ɗaya zai yi.

Zuwana na biyu ratse ɗaya na yi. Na kama jirgin farko zuwa Bursa, na yi azahar da la'asar a Ulu Jami, tsakaninsu na zauna kusa da wurin alwala ina jin zubar ruwa, na ƙirga ƙubbobin nan ɗaya bayan ɗaya har ashirin, ba mai busa mini usur. Washegari da safe na taka zuwa Topkapi.